Kun Sare Aduwar da Nake Gane Kabarin Inna da Ita

Zuwa ga Alhaji, Shugaban masu tifa da ke ɗiban yashi a kwarin bayan maƙabartar ƙauyenmu, kan hanyar Jega zuwa Maiyama.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da direbobinka da 'yan lodinka. Yaya aka ji da damina? Allah ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Ban rubuta sunanka ba, ban kuma rubuta sunan ƙauyen ba, domin ba tozarta ka na zo yi ba. Kai ka san kanka, ka kuma san kwarin da nake nufi fiye da yadda ka san hanyar gidan surukanka.

Sunana Bello, mai gyaran injin ban ruwa a Jega Sabon Gari. Za ka tuna ni. Ni ne wanda ya ɗaga murya a rumfarka da bazara har Limamin ƙauyenmu ya ja mini hannun riga. Da a watan Agusta na rubuta wannan takarda, da ba ta karantu a gaban yara ba. Allah ya sa ban rubuta ba sai yanzu da gero ya shiga rumbu, ruwa ya ɗauke, layin kaburburan da mahaifiyata take kwance a ciki yana nan a tsaye bai rufta ba. Na yi barci, na ci abinci na ji ɗanɗanonsa, zuciyata ta yi sanyi. Da wannan sanyin nake rubuto maka. Amma na ji ana cewa da zarar ƙasa ta bushe motocinku za su dawo, shi ya sa na ga gara in yi magana tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Na farko: abin da kwarin yake kafin ku zo.

A ƙauyen aka haife ni, a can na yi wayo. Kwarin nan da tifa take shiga yanzu ta ɓace har rufinta, da muna yara tsallake shi muke yi. Geza da sabara da kalgo sun rufe gaɓarsa, gamba ta fi mutum tsawo. In an yi ruwa ya cika ya wuce, kafin la'asar mata sun ratsa shi da itace a ka. Maƙabarta tana can sama, nesa da shi, babu wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa wata rana su biyun za su gamu.

Ka san yadda muke binne namu. Ba ma zuba siminti, ba ma kafa allo mai suna. A jera itace, a rufe da ƙasa, a ɗora ƙaya don dabbobi, wani lokaci a kife guntun tukunya a wajen kai. Damina biyu uku, tudun ya kwanta, tukunyar ta fashe, kowa ya zama daidai da kowa. Haka muka gada kuma ba mu raina ba. Amma ɗan Adam ba ya rasa abin da zai riƙe. Ni abin da na riƙe wata tsohuwar aduwa ce da ke gefen maƙabartar ta wajen kwari. Ranar da muka kai Inna, Allah ya jiƙanta, ina tsaye ina karɓar gaisuwa, na lura cewa in na jingina da aduwar na fuskanci gabas, kabarinta ne a gabana kaɗan ta hannun dama. Tun daga ranar duk ziyarar da na je, aduwar nake fara nema. In na dafa ta, na san na iso wurin Inna.

Inna mace ce da ba ta taɓa cin tuwo ita kaɗai ba. Ko na kwano ɗaya ne, sai ta leƙa ta katanga ta kira wata. Gidanmu da magariba kamar gidan suna yake, har muna jin haushi muna yara, don rabonmu ne yake raguwa. Na faɗi wannan ne don ka san wace ce take kwance a wurin.

Na biyu: abin da ba laifinka ba ne.

Ba zan ɗora maka abin da ke sama ba. Aikina yana kai ni fadamun Gehuru da gonakin albasar Aliero har zuwa Maiyama, kuma abin da idona yake gani ba sai an karanta mini a rediyo ba. Ruwan sama ya canza hali. Da, in damina ta sauka, sauka take yi a hankali, yau a yi, gobe a huta, ƙasa ta sha ta ƙoshi. Yanzu sai ya yi yayyafi ɗaya ya yaudari masu binne iri, iri ya tsiro, sannan ya ɗauke ƙafa har tsiron ya ƙone a yi sabuwar shuka. In kuma ya tashi dawowa, sai ya kwaso na wata guda ya juye a wuni ɗaya, kamar mai fushi da wanke-wanke. Ƙasa ba ta samun damar sha, sai gudu kawai ruwan yake yi yana neman gangare.

Da rani kuma labarin ya juya. Manomi zai kira ni yana rantsuwa injinsa ya lalace. In je in kwance, in duba, in ɗaure, inji lafiyarsa lau. Ruwan ne ya yi ƙasa, tiyo yana zuƙar iska. Na sha gaya wa mutane cewa ni injin na iya gyarawa, ban iya gyara rijiya ba. Zafin bazara kuwa ya kai albasa tana ruɓewa a cikin rudu, rumfar ciyawar nan da iyayenmu suke ajiye ta wata da watanni ba ta yi komai ba. Tsofaffi suna cewa ba su san wannan zamanin ba, masu ilimi suna cewa sauyin yanayi. Kowane suna aka ba shi, a jikinmu yake sauka.

Wannan duk ba kai ka kawo shi ba. Amma ranka ya daɗe, in ruwa ya ƙara ƙarfi, ai gaɓa ake ƙara wa ƙarfi. Ku kuwa a daidai lokacin kuka zo kuna rage mata.

Na uku: abin da yake laifinku.

Da kuka fara zuwa, a tsakiyar kwarin kuke ɗiba, babu wanda ya ce muku uffan. Gini ake yi a Jega, gini ake yi a Aliero, ni kaina ɗakin da nake kwana da yashi aka yi shi, ban kuma tambayi daga ina aka kawo ba. Da na tsakiya ya ƙare, sai shebur ya koma gindin gaɓa. 'Yan lodi suka riƙa rarake ta daga ƙasa suna barin sama a rataye. Geza ta tare musu hanya, suka sare. Gamba ta hana mota juyawa, suka sa mata wuta. Hanyar da kuka fara bi ta yi laka, sai kuka buɗe wata sabuwa a jikin maƙabarta, har tayar baya tana shafar ƙayar kaburbura.

Ranar ƙaramar Sallah da ta wuce, bayan an sauko daga idi, na hau babur na tafi gaida Inna kamar yadda na saba. Na ajiye babur, na cire takalmi, na nufi aduwa. Babu aduwa. Na ɗauka hanya na ɓata, na koma baya na sake shigowa ta inda na saba. Babu ita, babu kututturenta. Daga baya aka gaya mini rassanta ne suke karce fentin wata sabuwar tifa in za ta yi kwana, shi ne aka sare ta, masu gawayi kuma suka zo suka tone saiwar suka ƙone. Wurin ya zama fili, sawun taya ko'ina.

Alhaji, ni mutum ne mai jikoki. Na tsaya a tsakiyar kaburbura da sabuwar riga ina juyawa kamar yaron da ya ɓata a kasuwa. Wannan tudun ya yi kama da shi, wancan ma ya yi kama da shi. Na san layin, shi ne na kusa da kwari in an bar tsofaffin kaburburan bakin gaɓa, amma a cikin layin ban san wanne ba ne. Na yi kuka a wurin, ba na jin kunyar faɗa. Fentin mota aka tsare, ni kuma na rasa uwata karo na biyu.

Ina da yaya mace, Yaya Kulu, tana aure a Aliero. Ita ba ta shiga maƙabarta, ni ne idonta. Kowace Sallah sai ta kira ta ce, “Bello, ka tai ka gano Inna?” Ran nan da ta kira na fara kewaye-kewaye, sai ta ce, “Mi kag gani? Kak ka ɓoye mani.” Na gaya mata. Ba ta yi kuka a waya ba. Salati ta yi, ta kashe.

Na huɗu: zuwanmu wurinka.

Da bazara muka same ka a rumfarka, ni da Liman da dattawa biyu. Gaskiya ka karɓe mu da mutunci, ka tashi ka ba Liman kujerarka, ka sa aka kawo ruwan sanyi. Muka ce a janye daga gaɓar maƙabarta kafin ruwa ya sauka. Ka saurara har muka gama, sannan ka ce, “Malam, yashi na Allah na. Abin da munka ɗiba da rani, ruwa ka maido shi da damana.” Ka ƙara da cewa bayin Allah da yawa suna cin abinci a kwarin nan, in ka hana su me za su kai gida.

Maganar cin abincin gaskiya ce, ban musa ba. Ta farkon ce ta tayar mini da hankali. Ruwa yana maido yashi, haka ne, amma daga ina yake ɗebo shi? Ba daga sama yake zubo shi ba. Gaɓa yake gutsura ya cike ramin da kuka bari, gaɓar kuwa iyayenmu ne a cikinta. Da haka na faɗa a natse da ya fi. Amma ni Allah ya yi ni da saurin hawa, na miƙe na ce wata rana za ku loda ƙasusuwan mutane ku kai a yi bulo da su. A nan Liman ya ja mini hannun riga. Ka yi murmushi ka ce a yi haƙuri za a duba. Muka fito, motoci suka ci gaba da shiga har ruwan farko ya kore su.

Na biyar: ranar da gaɓa ta faɗi.

A tsakiyar marka ne, cikin Agusta. Ruwa ya fara bayan sallar asuba bai tsagaita ba sai da aka kira azahar. A Jega ma sai da lunguna suka zama rafi, leda ta toshe kwalbatoci, mutane suna kwalfe ɗakuna da bokiti. Ina cikin kwalfe nawa aka kira ni daga ƙauye aka ce in zo.

Abin da na tarar ba zan zayyana shi duka ba, saboda mutuncin waɗanda ke kwance. Gaɓar da aka rarake ta rufta gaba ɗaya, ta tafi da tsofaffin kaburburan baki. Itatuwan rufi sun fito a jikin ƙasa kamar haƙarƙari. A wani wuri gefen likkafani yana reto. Maza suka shiga ruwa iya ƙugu suna tattara abin da ya samu, aka haƙa sabon wuri a tudu aka mayar, babu mai magana sai salati. Da muka gama na hau sama na duba. Ƙasa ta tsage doguwar tsagewa, tsakaninta da layin su Inna bai fi mutum ya miƙa hannu ba. Ruwa ɗaya irin wannan ya rage.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar masallaci. Liman ya ce in lalura ta kai haka, shari'a ba ta hana a ɗauke mamaci a mayar da shi inda ruwa ba zai kai ba. Aka amince gobe da safe kowa ya zo ya tsaya a kan nasa, a tone a hankali a kai tudu. Kowa ya ce madalla. Ni kuwa na koma gida ban san inda zan tsaya ba. Yaya Kulu ta kira, na gaya mata shawarar da aka yanke. Ta ce, “To kai wa za ka ɗauka?” Daga ranar, mijinta ya gaya mini, in hadari ya haɗu ba ta iya zama, sai ta fita tsakar gida ta tsaya tana kallon yamma, wajen ƙauyenmu.

Da safe muka hallara da fartanya da shebur. Liman ya ce, “Wanda duk yas san nashi, shi matsa kusa da shi.” Na sunkuyar da kai ina jiran kowa ya watse a bar ni ni kaɗai a tsaye. Na ɗago. Mutum biyu ko uku ne suka matsa, waɗanda suka yi rashi kwanan nan, tudun nasu bai kwanta ba. Sauran duk suna tsaye inda suke, kowa yana satar kallon ɗan'uwansa. Can sai wani tsoho, Baba Ige, wanda matarsa da ƙaninsa suke layin, ya gyara murya ya ce, “Ni dai da aduwa nika aunawa.” Wani ya ce shi ma. Wani ya ce shi daga inuwarta ta hantsi yake ganewa. Ashe duk garin da aduwar nan muke lissafi, kowa yana tsammanin shi kaɗai ya san dabarar.

Wallahi Alhaji, a tsakiyar wannan baƙin ciki sai da wasu suka yi dariya, dariyar da ke fita da hawaye. Ni kuwa wani nauyi na ji ya sauka daga kafaɗata, domin tun Sallah nake ganin kaina ɗan da ya yar da uwarsa. Liman ya ce ba za a tone mutane a kan zato ba, a haɗa wannan da wancan. Tunda ba mu iya ɗauke su, sai mu tsare ƙasar da suke ciki.

Aka kira gayya. Duk mai tsohon buhun taki ya kawo, mata suka aiko da na gero da suka zazzage, masu albasa a Aliero da suka ji labari suka aiko da nasu a bayan babura. Sai batun abin da za a cika buhunan. A nan zan gaya maka da bakina kafin wani ya kai maka gulma: tulin yashin da yaranka suka tara a bakin hanya suna jiran rani, shi muka kwashe tas. Ka ce yashi na Allah ne, mun yarda da fatawarka. Muka jera buhuna a gindin gaɓa, muka kafa turaku, muka dasa ciyawar jema da gamba a sama, muka soka rassan bini-da-zugu a jere. Amma kowa a cikinmu ya san buhu ba zai tare irin ruwan da muka gani ba. Muna yi ne don kada mu zauna.

Na shida: abin da ka yi, wanda dole in faɗa.

A rana ta biyu ta gayyar, da hantsi, muka ji rurin tifa. Ban san lokacin da na cillar da buhu ba. Samari suka ɗauki fartanya suka tare hanya, ni mai furfura ina gaba da tawa a hannu, ina cewa yau sai dai ta bi ta kaina. Direban ya leƙo ya dube mu, ko gezau bai yi ba, ya ce, “Ku kauce kak in taka mutum. Alhaji yac ce a kawo. Ina za a zuba?” Sai a lokacin muka lura motar ba wayam take ba. Duwatsu ne a ciki, manya-manya, da jar marmara.

Na rasa inda zan sa fartanyar da ke hannuna. Baba Ige ya ce mini, “Bello, tunda ka ɗaga ta, sai ka nuna mai wuri da ita.” Haka na koma ɗan jagora, ina tafe da baya ina cewa taho, taho, tsaya. Motocinka suka yi ta sawu har rana ta yi sanyi, washegari ma suka dawo. 'Yan lodin da suka rarake gaɓar su ne suka tuɓe riguna suka shiga jera dutse tare da mu, ɗaya daga cikinsu har ya fasa yatsa bai bari ba.

Ban san abin da ya juya maka zuciya ba. Wasu sun ce ka zo da ƙafa ranar da gaɓa ta faɗi, ka tsaya daga nesa ka ga abin da muka gani. Wasu sun ce mahaifiyarka ce ta ji labari ta kira ka. Ban bincika ba, ba kuma zan bincika ba, tsakaninka da Ubangijinka ne. Abin da na sani, ka aiko ba tare da an sake roƙonka ba, ba ka kuma aiko da mai ɗaukar hoto ba. Yabon gwani ya zama dole. Na gode, Allah ya saka da alheri. Maganar bulo da na yi a rumfarka kuma, ka yafe mini zafinta.

Ruwa ya sake zuwa, ba sau ɗaya ba. Mafi ƙarfinsa a farkon Satumba ne. Ina ƙauyen ran nan, na tsaya a tudu da buhu a ka ina kallo. Ya taho ja wur yana tafe da itace da leda da mushen akuya, ya daki duwatsun, ya yi tsalle, ya sake dukansu, sannan ya karkata ya bi tsakiyar kwari ya wuce. Buhuna kaɗan suka tafi. Tsagewar ba ta ƙara ko ɗan yatsa ba. Na zauna a cikin laka na yi hamdala har muryata ta dushe.

Na bakwai: roƙona.

Ranka ya daɗe, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Dutsen da ka zuba ya tsare mu bana, amma in shebur ya koma gindinsa da rani, baɗi shi ma kwarin zai bi. Don haka ina roƙon abubuwa kamar haka.

Ɗaya, ka tsayar da ɗiba gaba ɗaya a tsawon gaɓar maƙabarta. Ka zo da kanka, da Mai Gari da Liman, a kafa turaku a gaban kowa, daga nan zuwa nan ba a sa shebur. Kada a bar shi a baki, domin direba yana canzawa, ɗan lodi yana canzawa, sabon zuwa bai san an yi alkawari ba.

Biyu, a rufe hanyar da kuka buɗe a jikin kaburbura, a koma tsohuwar. In laka ce matsalarta, wanda ya iya kawo mana marmara ya iya zuba wa kansa.

Uku, jemar da muka dasa da bini-da-zugu sun kama. Ka ja wa yaranka kunne kada a sa musu wuta, kada a sare. Duk bishiyar da ta tsaya wa mota a hanya, a tambayi mutanen wurin kafin a ɗaga gatari. Mai wucewa itace kawai yake gani, bai san abin da aka rataya a jikinta ba.

Huɗu, ba mu ce ku bar sana'a ba. Can ƙasa inda kwarin ya buɗe, nesa da gonaki da kaburbura, akwai yashin da ruwa yake tarawa da kansa. Ya fi nisa, zai fi cin mai, na sani. Ka faɗa wa sauran masu tifa na Aliero da Maiyama abin da idonka ya gani a nan, domin daga bakinka za su fi ji. Ba ƙauyenmu kaɗai ke da maƙabarta a bakin kwari ba.

Mun dasa sabuwar aduwa, mun kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Sai da aka yi gardama kafin a dasa, domin babu mutum biyu da suka yarda a kan inda tsohuwar take. A ƙarshe Liman ya ce a sa ta ko'ina, ta zama ta 'yan baya. Mu dai namu lissafin ya tafi, ba zai dawo ba, kuma wannan ba abin da tifar dutse za ta iya biya ba ne. Ina so ka san haka, ba don in ɗaure ka da shi ba.

Juma'ar da ta wuce na je ziyara. Na fara daga farkon layin, na yi sallama, na yi addu'a, na matsa na gaba, haka har ƙarshe, ban tsallake kowa ba. Da na fito na kira Yaya Kulu na ce mata layi yana nan, ruwa ya ɗauke, amma har yanzu ban san wanne ne nata ba, don haka duka na bi. Sai na ji tana dariya ƙasa-ƙasa, ta ce, “Bello, bar ta. Inna ko da ranta ba ta cin tuwo ita ɗai.”

To ka ji, Alhaji. A da, kabari ɗaya nake da shi a bakin kwarin nan, yanzu layi guda ne, kuma duk ƙauyen haka muke. In motarka ta dawo gindin gaɓar, ba za ka san uwar wa ka taɓa ba, mu ma ba za mu sani ba, don haka kowa zai fito.

Allah ya ƙara maka arziki na halal, ya tsare motocinka da direbobinka a hanya, ya jiƙan magabatanka da namu. Ranar da taka ta zo, bayan tsawon rai, Allah ya kwantar da kai a ƙasar da ruwa ba ya ci, ya kuma bar wa 'ya'yanka abin da za su gane ka da shi.

Wassalam.

Naka,
Bello mai gyaran inji,
Jega Sabon Gari.